Mai Riƙe Linzamin Dokin Tagulla

Da sunan Allah, wanda ya ara mini kwanaki har na kawo yau. Rakiya, gyara zama ki rubuta yadda na faɗa, kada ki yi wa maganata kwalliya. Ni ban shiga lakkwal, makarantar boko, ba, ko sunana ba na ganewa a takarda sai an ɗora mini yatsa a kai, amma abin da idona ya gani yana nan bai goge ba. Wannan maganar ta yayanki Abba ce, ko da yake duk wanda ya fito daga gidan nan yana da rabo a cikinta. Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifinku, kuma shekara bakwai ke nan Abba yana gaishe ni irin gaisuwar maƙwabta: ina kwana, ina gajiya, sai an jima. A ganinsa ni na hana a kai gawar ubansa gida, na binne shi a ƙasar Nasara don ra'ayin kaina. Ina so ya ji yadda aka yi tun ina da bakin faɗa.

Sa'ad da aka ɗaura mana aure a Mirriya, Malam ya riga ya daɗe a Paris yana sharar titi. Ya zo ya ɗauke ni ina yarinya, ban taɓa wuce Damagaram ba. Ɗakinmu na farko a Belleville yake, can sama, hawa biyar, famfo ɗaya a kan matakala mu da Larabawan Tunis da wasu mutanen Mali. Ɗakin bai fi zauren gidanmu ba. Idan na soya albasa, rigunansa duka sai sun yi kwana uku suna ƙamshinta, shi kuma ya ce turaren amarya ne, ba zai wanke ba. Da asuba ƙamshin burodi ke tashe ni daga ƙasa. Ban san kowa ba, ban ji yaren kowa ba, amma wallahi ban taɓa jin daɗin duniya kamar a ɗakin nan ba. Da yake ban iya karanta sunan tasha ba, shi ya koya mini shiga metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, da ƙulli: ya ƙulla mini bakin mayafi sau adadin tashoshin, duk inda jirgi ya tsaya in kwance ɗaya, idan ƙulli ya ƙare in sauka.

Wata Lahadi, ganyen itatuwa na zuba, ya sa babbar rigarsa ta aure ya ce in shirya za mu gaida wani tsoho. Na ɗaura goro a leda, na yi tsammanin gidan mutum za mu. Muka fito daga ƙarƙashin ƙasa sai ga wani fili mai faɗi, motoci na kewaye shi, a tsakiya an gina dutse dogo, a kan dutsen ga doki na tagulla, ƙato, ya yi kore-kore saboda ruwan sama. A kansa wani Banasare da hular soji da doguwar riga, ya miƙe wuya yana kallon nesa. Malam ya ce wani babban janaral ɗinsu ne, wanda suke cewa ya ci musu yaƙi. Ya faɗi sunan, ban riƙe ba, har yau ban riƙe ba.

Na ce, “Malam, gunki ka kawo ni in gaida? Da gorona?”

Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, “Bar mutumin, ke dai dubi dokin. Dubi majayin sirdin nan yadda aka ja shi, bai matse ba bai saki ba. Dubi geza a taje, dubi kofato a gyare. Wa ya yi wannan aikin?”

Na ce, “Mai dokin mana.”

Ya ce, “Mai irin wannan rigar? Kin taɓa ganin mai irin wannan rigar ya sunkuya ƙarƙashin cikin doki? A garinku akwai mai dokin da ba shi da wanda ke yanko masa ciyawa, ya ɗaura masa sirdi, ya riƙe masa linzami ya hau? To, ina shi? Sun zuba tagulla sun yi doki, sun yi mahayi, mai riƙe linzamin ne tagullarsu ba ta kai kansa ba.”

A nan, a tsaye cikin iska, ya ba ni labarin da tun daga gida ba wanda ya ba ni. Mahaifinsa mutumin dawaki ne, tun yana yaro a turke ya tashi. Da yaƙin Nasara ya ɓarke aka bi ƙauyuka ana ɗibar samari, aka ɗauke shi bayan an gama yankan gero, Malam yana ciki ba a haife shi ba. Da suka ga ya san doki, ba su ba shi bindiga ba, suka haɗa shi da dokin wani kaftin. Bai dawo ba. Ba takarda, ba kabari, ba ko tsumman rigarsa. Sai wani tsohon soji na ƙauyen gaba da ya dawo da ƙafa ɗaya ya gaya wa surukata cewa ganinsa na ƙarshe da shi a bakin wani kogi ne a nan Faransa: jirage sun taso, kowa ya faɗa rami, shi kuwa yana tsaye riƙe da linzami yana lallashin dokin, don an ce masa ya riƙe har kaftin ya dawo.

Malam ya ce, “Na sani ba wannan ne kaftin ɗin ba, ba kuma wannan ne dokin ba. Amma duk ƙasar nan na duba, ban ga inda aka bar wa ubana wuri ba sai nan. Ga shi can, gefen hagu, daidai kan dokin. Wurin a buɗe yake.”

Ya taka ya tsaya a wurin. Ya juya wa mahayin baya, ya fuskanci gabas, ya ɗaga hannu ya yi Fatiha da Ƙulhuwallahu, ni ina bayansa ina amin. Rakiya, rubuta wannan da kyau: bayansa ya ba mahayin. Ban taɓa ganin ya ɗaga kai ya dubi fuskar Banasaren nan ba, sai ranar da tantabaru suka ɓata masa hula, ya ce, “Kin gani, tantabara ba ta san janaral ba.” Goron kuwa muka raba wa abokan aikinsa. Daga baya ya roƙi shugabansu a ba shi sharar wannan filin, aka ba shi, suna mamakin mai son wurin da ya fi ko'ina ganye. Gefen hagun nan kullum tas yake, ko karan sigari ba ya kwana a wurin.

Da aka haifi Abba aka sa masa sunan kakansa. Shi ya sa ba ku taɓa jin sunansa na yanka a bakina ko a bakin mahaifinku ba. Ɗan fari ne, ga shi kuma mai sunan suruki, kunya biyu ta haɗu a kan yaro ɗaya. Ni Abba nake ce masa, Malam kuma Baba. Ku da kuka tashi a nan kuna ganin abin kamar ƙiyayya ce. Ke, Rakiya, kina hawa cinyarsa kina ja masa gemu, Abba kuwa ko ido ba su cika haɗawa ba. Amma idan yaron nan ya yi zazzaɓi, Malam ba ya iya cin abinci, sai ya riƙa zagaye ɗaki yana tambayata, “Mutumin naki ya sha ruwa?” Haka aka yi mu. A wurinmu mutum ba ya zaunar da ɗan farinsa ya buɗe masa cikinsa.

Kina goye muka koma Liyon, ya samu aiki a masana'antar manyan motoci, aka ba mu gida a Minguettes, hawa tara, da ɗakin girki nawa ni kaɗai. Na ce masa ai nan ma akwai doki a babban filin nan mai jan ƙasa na tsakiyar gari, ya huta da tafiya. Muka je. Ya zagaya shi sau ɗaya ya dawo yana girgiza kai.

Ya ce, “Wannan sarki ne, ba soji ba. Kuma dubi ƙafarsa na lilo, ko likkafa babu. Wanda ya hau doki haka ba shi da mai ɗaura masa sirdi. Ubana ba zai tsaya kusa da wannan abin kunya ba.”

Saboda haka duk shekara, idan ya lissafa an gama yankan gero a gida, sai ya sa rigar nan ya hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ya je da safe ya dawo da yamma. Ku ce ina za shi, ya ce gaida wani tsoho. Wani abokinsa ya taɓa ɗaukarsa hoto a wurin, hannu a sama, dokin da mahayin a bisa kansa. Hoton nan ne ya jawo mana. Abba ya girma yana ganinsa a kan talabijin, ya shiga jami'a a Bron ya karanta tarihin abin da Nasara suka yi a ƙasashenmu, ya zama malamin tarihi, kuma duk abin da ya karanta gaskiya ne, ban ce ƙarya ba ne. Sai dai hoto ba ya nuna inda gabas take.

A shekarar da zan ba ku labari, ciwon suga ya riga ya ci ƙafafun Malam, da sanda yake zuwa masallaci. Wata Juma'a ya ce in yi dambu da zogale in kira Abba. Tun da safe yake gaya mini, “Bana da Baba za ni. A gida bakina ba zai buɗe ba, amma idan muka tsaya a wurin, zan gaya masa wanda yake ɗauke da sunansa.” Har ya sa na goge masa rigar, ya ciro hularsa ta ajiya ya ce ko za ta shiga kan Baba. Aka ci abinci, ke kina wurin aiki a asibiti. Malam ya wanke hannu, ya dubi bango, don ba zai dubi yaron ba.

Ya ce, “Baba, ƙafa ta gaza. Ko za ka raka ni Paris ran Lahadi?”

Abba ya ce, “Wurin dokin?”

“Wurin dokin.”

Abba ya ajiye cokali. Ya fara da Hausa, da zuciya ta ɗebe shi ya juye Faransanci, ya sake dawowa don ni ma in ji. Ya ce, “Papa, non. Shekara nawa ka yi kana share wa mutumin nan gindin dutse? Su suka kwashe mutanenmu kamar awaki, kai kuma ka sa rigar Salla ka je ka ɗaga masa hannu. Ni ina gaya wa ɗalibaina irin waɗannan gumakan sauke su ya kamata a yi, sai a gan ni tsaye a ƙarƙashinsa da hula? Ka ce in kai ka likita, in kai ka Makka, zan kai ka a bayana. Amma ban da wurin nan.”

Na buɗe baki, Malam ya dube ni, na rufe. Ya yi ta murza bakin hular nan a hannunsa. Sannan ya ce, “To, Baba. Allah ya yi maka albarka.” Da yaron ya fita na ce masa ya bari in bi shi matakala in gaya masa. Ya ce a'a, maganar ubansa ce, shi zai faɗa da bakinsa, baɗi in Allah ya kai mu. Ya mayar da hular cikin akwati.

Ni na raka shi. Rabona da Paris an daɗe. Muka fara biyawa Belleville don ya ce yana so ya ga tagarmu. Gidan na nan, an yi masa fenti, mai burodin ya tashi wasu ƴan Sin suna sayar da taliya a wurin. Muka tsaya a ƙetaren titi muna ƙirga tagogi har ta biyar, wani ya shanya jan tawul a kai. Malam ya ce, “Kina jin ƙamshin albasa?” Na ce tsufa dai ya kama shi. Muka yi dariya kamar yara, mutane na ratsa mu. A metiro na ga ya kama bakin mayafina yana ƙullawa, na ce ai yanzu na san hanya, ya ce a bar shi ya yi aikinsa.

Filin na nan yadda yake, dokin bai tsufa ba, mu ne muka tsufa. Ganye ya taru a gefen hagu, ya sa sandarsa yana turewa, yana faɗa da masu sharar yanzu da ba su san aiki ba. Da ya zo ɗaga hannu sai sandar ta zame masa matsala, in ya sake ta zai faɗi. Na karɓe ta, na shiga ƙarƙashin hammatarsa na tallafe shi, ya yi addu'arsa a jikina. Da ya shafa bai motsa ba.

Ya ce, “Uwar Rakiya, zan ba ki amana. Idan tawa ta zo, kada a sa ni a jirgi. A rufe ni a nan.”

Na ce, “Malam, ka ce za mu koma. Ka ce za mu zauna ƙarƙashin tsamiyar gidanku, ka sayi goɗiya ko ba ka iya hawa. Shekara nawa kana gaya mini?”

Ya ce, “Na faɗa, kuma na so. Amma ubana yana cikin ƙasar nan, ban san a ina ba, shi kaɗai, ba mai yarensa. Tun ina ciki ya tafi, ban taɓa kwana gida ɗaya da shi ba. Idan kuka mayar da ni, an sake barinsa ke nan. Daga nan har Liyon har bakin kogin nan, ƙasar a haɗe take ta ƙarƙashi. Ki bar ni in kwanta kusa da shi.”

Na yi kuka a tsakiyar Paris, ban ji kunyar kowa ba. Na san abin da nake amsawa: in ya kwanta a nan, ni ma na gama komawa, don ba zan tafi in bar shi ba. Tsamiyar nan, da ƴan'uwana, da kabarin uwata, duk na ajiye su a gindin dutsen nan na ce masa to.

Baɗin da ya ce bai zo masa ba. Ana tsakiyar sanyi ya rasu, da hantsi, kina riƙe da hannunsa. Kafin la'asar gidan nan ya cika, ƴan ƙungiyar mutanenmu sun fara maganar takardun jirgi, kamar yadda ake yi wa kowa. Ƙaninsa Alhaji Sale, wanda suke uwa ɗaya, ya kira daga Damagaram ya ce an tanadi wuri kusa da mahaifiyarsu. Abba kuwa, idonsa jajir, yana ta cewa sun ci ƙarfinsa da rai, ba za su samu gawarsa ba. Ina zaune a kan tabarma cikin mata na ce a kira mini shi.

Na ce, “A nan za a rufe shi. Wasiyyarsa ce.”

Abba ya ce, “Inna, wasiyya? Wa ya ji? Wa ya shaida?”

Na ce, “Ni da dokin.”

Na ga mata na kallon juna, sun ɗauka baƙin ciki ya taɓa mini kai. Aka miƙo mini waya, Alhaji Sale ya ce, “Yaya, ki ji tsoron Allah. Yaƙi ya hana uwarmu mijinta, ke kuma za ki hana mu ɗan'uwanmu?” Na ce ya yi haƙuri. Bai sake kirana ba har shi ma ya koma ga Allah. Liman ya ce idan matarsa ta rantse ta ji, a bi wasiyya. Na rantse. Aka kai shi ɓangaren Musulmi na maƙabartar Bron, inda nake hawa taram, jirgin cikin gari, in je duk Juma'a.

Yanzu ga nawa laifin, kada ki tsallake shi. Ranar nan da na ƙara jimla uku, da Abba ya gane. Ban ƙara ba. Na gaya wa kaina Malam ya ce shi zai faɗa da bakinsa, ba hurumina ba ne. Na gaya wa kaina ina takaba, ga kunyar ɗan fari. Duk gaskiya ne, amma ba su ne dalilin ba. Fushi nake da shi. Duk sa'ad da na dube shi sai in ga hular nan ana mayar da ita akwati. Na riƙe labarin kamar yadda uwa ke hana yaro tuwo don ya ji a jikinsa, na manta cewa wannan tuwon nasa ne tun kafin a haife shi. Kwana ya zama wata, wata ya zama shekara bakwai. Malam ya yi shiru don kunya, ni na yi shiru don zuciya, yaro yana ta yawo da sunan mutumin da bai san yadda ya mutu ba. Abba, ka yafe mini. Ubanka bai taɓa gaida janaral ba. Idan sun sauke mahayin gobe, ba abin da ya dame ni, su dai bar mana gefen hagu.

Rakiya, share hawayenki ki riƙe alƙalamin da kyau, akwai abin da ya rage. Mutumin nan ba a rubuta sunansa a dutse ba, ba a rubuta a kabari ba, ɗansa bai iya faɗa ba, ni ma tun ranar da aka kai ni gidansu ban taɓa furta shi ba. Idan na mutu da shi a bakina, an binne shi sau biyu. Allah ya gafarta mini rashin kunya, yau zan faɗa. Haruna. Haruna na Mirriya, mai riƙe linzami. Rubuta shi da manyan baƙaƙe, ki kawo ki ɗora mini yatsa a kai in ga kamanninsa.

Kai kuma Haruna, ɗana, ga shi na kira ka. An kusa gama yankan gero a gida, ganye ya fara zuba a nan. Hular tana cikin akwati inda ya bar ta. Ƙafafuna ba za su kai ni Paris ni kaɗai ba, kuma idan na ɗaga hannu, sai da wanda zai karɓi sandar.